Baba Tsoho da Sawun Garka

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba Tsoho, kakanmu na wajen uba, ya cika ranar wata Talata da hantsi, a cikin garkar da ke bayan gidansa. Inna, kakarmu, ita ta same shi jingine da gindin lemun tsami, guga na gefensa da sauran ruwa a ciki. Ta ɗauka gyangyaɗi yake yi, har ta fara yi masa faɗa a kan ya bar kununsa ya huce.

Ina Sakkwato, inda nake aure, aka kira ni. Kafin in iso ƙauyenmu, wanda ke gabas da Rabah a kan hanyar Gandi, an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da ƙofar gida ba wurin sa ƙafa. Mutane daga Wurno, daga Goronyo, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Na yi mamaki, domin Baba Tsoho bai taɓa riƙe sarauta ba, bai je Makka ba, malantarsa ma ba ta wuce ta salla ba.

Liman da ya shigo yi wa Inna gaisuwa ya ce, "Mutumen kirki na. Bai taɓa ɗaga ma kowa murya ba." Na sunkuyar da kai, don na san ba haka ba ne. Ya ɗaga wa awaki murya, ya ɗaga wa Inna, ni kuwa ba a magana. Wata Bafillatana mai nono ta ajiye ƙwaryarta a tsakar gida ta yi kuka har da shessheƙa, ta tashi ta tafi. Gwaggonmu ta ce ita dai abin da ta sani, ubanta ya fi son ƙadangaru a kan 'ya'yansa, sannan ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka.

Amma yawancin masu gaisuwar da wata tambaya suka zo, kuma sai sun gama addu'a suke yin ta, da murya ƙasa-ƙasa. Wani dillalin albasa daga Achida ya durƙusa a bakin ɗakin Inna ya ce, "Allah shi jiƙanai, Allah shi ba ku hanƙuri." Sannan ya ce, "Inna, kahin shi cika, mi yag gani? Daji lahiya?"

Inna ta ce, "Ba lahiya ba."

Mutumin ya shafa fuska ya fita. Haka suka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya.

Ina rubuta wannan ne saura 'yan kwanaki a yi sadakar arba'in. So nake kada a manta da wannan tsoho da irin aikin da ya yi wa mutane ba tare da kowa ya sa shi ba. Kuma akwai abin da ke cina a rai wanda sai na faɗe shi. A gidanmu yanzu makoki ɗaya muke yi, muna roƙon Allah kada ya zama biyu.

Gidan Baba Tsoho shi ne na ƙarshe a gabashin gari. Daga katangarsa sai gonaki, daga gonaki sai daji. Garkar ba wata babba ba ce, amma babu abin miyan da babu a cikinta: zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, barkono, kabewa tana yaɗo ta hau rumfa. Akwai gwanda biyu, lemun tsami ɗaya, da fangalin da yake renon irin albasa. Jikin katangar gabas kuwa lalle ne ya yi duhu, ya fi mutum tsawo. Ba ya sayar da ko ganye ɗaya. Duk matar da miyarta ta gaza, ta san inda za ta aika. Sharaɗinsa guda ne, a tsinka da hannu a hankali, kada a karya reshe. Ranar da Gwaggo ta karya masa reshen zogale don sauri, kwana biyu bai amsa gaisuwarta ba.

Ni da shi wasan jika da kaka muke yi, kuma ba ma raga wa juna. Uwar Gyara yake kirana, domin tun ina ƙarama ba na iya ganin abu a buɗe ban rufe ba, ko a karkace ban daidaita ba. In na shiga garkar sai in fara tsince busassun ganye, shi kuwa yana biyo ni yana mayar da su. "Bar min shara ta, Uwar Gyara! Ƙarƙashinta bushiya ka kwana." Na ce wane irin tsoho ne ke yi wa bushiya shimfiɗa. Ya ce bushiyar ta fi ni amfani, ita tana cinye masa kunamu, ni kuwa tuwonsa nake cinyewa.

Ya san kowane mai rai da ke cikin wurin nan. Ya san jangwalagadan, ƙadangaren nan mai jan kai, da ke mulkin katangar kudu da wanda ke neman ƙwace masa. Ya san kurciyar da ke zuwa ita kaɗai tun da shaho ya ɗauke mata miji. Tsuntsaye na cin gwandarsa, Inna na masifa, shi kuwa ya ce gwanda biyu ya shuka, ɗaya tasu ce. Inna ta ce to a nuna wa tsuntsayen wadda ce tasu, don ita duka biyun take gani a huje. Shekara hamsin suna wannan gardama.

Abin da ya kawo masa jama'a kuwa wani aiki ne da ya fara don nishaɗi kawai. A gindin katangar gabas, bayan lallen nan, akwai kafar da ruwan sama ke fita. Ya ƙara mata faɗi yadda ƙaramar dabba za ta iya shigowa. Daga gaban lallen ya zuba rairayi mai laushi, ya ajiye kasko a tsakiya. Kullum kafin magariba sai ya cika kaskon da ruwa, ya share rairayin da tsintsiya ya yi sumul, yana ja da baya don kada ya bar sawunsa. Da ya dawo daga sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, sai ya tsuguna ya karanta abin da ya zo shan ruwa.

Da can sawun gida yake samu: gafiya, kurege, bushiyarsa, wani lokaci kyanwar maƙwabta. In rani ya tsananta, zomo ko fakara. Yana ba mu labarinsu a bakin kunu kamar labarin dangi. Wance ta zo da 'ya'yanta, wane yana ɗingishi da ƙafar hagu.

Sai shekarun nan suka zo, da mutanen daji, masu babura da bindigogi. Wata safiya, lokacin ruwa bai ma ƙafe a daji ba, ya tarar da sawun zabin daji, da na dila, da na tunku, duk a kan rairayi ɗaya. Washegari suka ƙaru. Ya je majalisar ƙofar masallaci ya ce kada kowa ya kai shanu wajen tafkin gabas. Aka yi masa dariya, wani ya ce tsoho ya fara hira da gafiya. Waɗanda suka kai shanunsu a makon nan, da sanda kawai suka dawo. Ɗaya daga cikinsu bai dawo ba.

Daga nan maganar ta bazu, har ta kai ga ana cewa duba yake yi. Liman da kansa ya zo bayan sallar asuba, fuska a ɗaure. Baba Tsoho bai yi masa musu ba, ya ja shi har bakin rairayin, ya ce ya tsuguna.

"Malam, wanga sawun mi na?"

Liman ya ce, "Dila."

"Dila ina taka shan ruwa?"

"Tabki."

"To mi yak kawo ta bakin gidan mutane, inda karnuka, ga tabki cike da ruwa? Naman daji ba shi barin ruwanai sai an kore shi. Wani na zamne bakin tabkin ga. Shi ke nan dubana."

Liman ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce a riƙa aiko masa da labari kowace safiya. Tun daga ranar, manomi ba ya nufar gonar nesa, mai kaya ba ya kama hanyar daji, sai an tambayi abin da rairayin Baba Tsoho ya ce. Ba kullum yake daidai ba, shi ma ya sha faɗin haka. Amma na san mutane da yawa da ke cin tuwo yau saboda wata safiya da ya ce musu su zauna gida.

Abin ya canza shi. Ya daina ba da labarin dabbobi a bakin kunu. Na taɓa zuwa ganin gida na same shi tsaye a kan rairayin, tsintsiya a hannu, bai ko ji sallamata ba. Na tsokane shi na ce ko bushiyar ta yi yaji. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwar Gyara, da don daɗi nika duban su. Yanzu in na tsugunna, gabana ka hwaɗuwa." Wannan ne karo ɗaya da na ji ya ambaci tsoro.

Akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga wajen Shinaka da 'ya'ya uku bayan an kashe mijinta. Ta kafa bukka a bayan gari, ba ta san kowa ba. Baba Tsoho ya yanka mata fangali biyu a cikin garkarsa, ya ba ta iri, ya ce ta shuka abin da take so. Bai taɓa tambayarta abin da ta gani a can ba. Da safe in ta zo ban ruwa sai ya kira ta ya nuna mata sawu, wannan na wane ne, wancan na wane ne, har ta iya. Mu jikokinsa ba wanda ya tsaya ya koya kamar ita. Inna na kiranta Baƙuwa, mu ma muka bi.

Yanzu sai maganar Yaya. Shi ne wana uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gidan: Inna, Baba Tsoho, da nasa iyalin, mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Bana geron gonar kusa bai yi ba, ruwa ya ɗauke masa yana cikin bunni. Abin da ya rage shi ne dawar gonar nesa, wadda ke kusa da tafkin gabas. Ta yi kyau, ta nuna, tsuntsaye sun sauka a kanta. In ba a yanko ta ba, gidan ba shi da abincin shekara.

Kwana uku kafin rasuwar suka yi faɗa da tsohon, matar Yaya ce ta ba ni labari. Yaya ya ce gobe zai ɗaura wa shanu amalanke. Baba Tsoho ya ce ba inda za shi.

"Baba, dawa ta ƙare ga bakin tsuntsaye. Mi za mu ci bana?"

"Sawun gada nig gani, kwana ukku jere. Tun da nike, gada ba ta taɓa shigowa garkar ga ba. Ba su taɓa matsowa kusa haka ba."

"Sai mu zamna yunwa ta kashe mu don gada ta sha ruwa?"

Baba Tsoho ya buga sandarsa a ƙasa. "Na binne ubanka, ba ni binne ka! Ka ji sharaɗina. Sai ka ga rairayin ga ba sawun daji, sahiya biyu jere. Sannan ka tahi, na yahe maka."

Yaya ya fita yana huci, amma bai je ba. Mutum ne mai zafi, sai dai bai taɓa tsallake maganar tsohon ba. Ranar jana'iza an ce shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ga abin da na yi. Da jama'a suka yi yawa, tsakar gida ta kasa ɗaukar mata, sai aka mayar da girki da daka cikin garka. Aka kafa murhu uku, aka shigo da turame, aka jingine kaskon a gefe. Rana ta biyu, muna dakan gumbar sadakar uku, sai ga wani ƙaton guza ya fito daga cikin lalle ya ratsa tsakiyar mata. Aka watse da ihu, aka zubar da gero, wata mai goyo ta faɗi. Raina ya ɓaci. Na kutsa bayan lallen na ga kafar nan a buɗe, ga jarirai a shimfiɗe a kan tabarmi. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, na gangara shi na cusa a kafar, na danna da ƙafa har ya zauna daram. Na karkaɗe hannuna na koma daka. A raina na ce in an watse zan cire. Ban sake tunawa da shi ba.

Aka yi sadakar bakwai, baƙi suka tafi. Da la'asar Yaya ya shiga garka ya kwashe duwatsun murhu, ya wanke kaskon ya cika shi, ya share rairayin yana ja da baya kamar yadda tsohon ke yi. Ina tsaye ina kallonsa, har da hawayena, ina cewa ashe ya iya. Lallen ya rufe gindin katanga, ba a ganin komai daga ciki.

Da safe rairayin na nan sumul, sai sawun kurciya da na ƙadangare. Yaya bai yi gaggawa ba. Ya sake sharewa, ya sake jira. Safiya ta biyu ma haka. Ya kira ni na gani da idona. Fuskarsa ta saki, rabon da in gan shi haka tun kafin rasuwar.

"Sun koma ruwansu," in ji shi. "Mutanen sun tashi. Baba ya ce sahiya biyu, ga sahiya biyu."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Da bakina na faɗa. Ni na ɗaura masa fura a jallo. Ya shiga ya durƙusa wa Inna, ta sa masa albarka. Ya ɗaura wa shanu amalanke, shi da maƙwabcinmu suka nufi gabas rana tana fitowa. Liman ya aiko a tambayi labari, aka ce masa rairayi fari tas.

Hantsi ya yi sosai lokacin da Baƙuwa ta shigo. Tun rasuwar ba ta zo ban ruwa ba, saboda kunyar jama'a, kuma ranar ta biyo ta bayan katanga ne. Ba ta yi sallama ba. Ta kama hannuna ta ja ni waje, muka zagaya gidan. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙasar bayan katangar gaba ɗaya sawu ne, wani kan wani. Ta riƙa nunawa da yatsa: gada, dila, zabi, jan biri. A bakin kafar an tone ƙasa da farce, an kankare gindin turmin har itacen ya yi fari. Sun zo, suna jin ƙanshin ruwa, ba hanya.

Ta ce, "Wa yat toshe nan?"

Na ruga cikin gida na ɗauki waya, na kira Yaya ya fi sau ashirin, can babu sabis. Na fita ba mayafi har ƙofar masallaci ina kiran Liman. Aka tara maza, aka tsayar da wasu mutum huɗu da suka riga suka ɗaura wa jakunansu kaya za su bi bayan Yaya. Su dai Allah ya tsare su. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka bi hanya sun kai rabi suka ji harbi, suka juyo.

Da la'asar shanun suka dawo su kaɗai, suna jan amalanke, suka tsaya a ƙofar gida inda suka saba tsayawa. Dami huɗu na dawa a kai, an ɗaure su tsaf. Washegari maƙwabcinmu ya shigo gari ba takalmi, ƙaya ta yayyage shi. Ya ce yana can ƙarshen gona ya kwanta cikin kara. Ya ga an ɗora Yaya a kan babur, da ransa, yana tafiya da ƙafafunsa kafin a ɗora shi. Wannan kalmar muke riƙe da ita har yau.

Mutanen gari cewa suke yi hayaƙin girki da ƙarar daka ne suka kori dabbobin. Wasu na cewa da ma abin na tsoho ne, ya tafi da kayansa. Baƙuwa ta cire turmin da hannunta, ba ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma sake tambayata ba. Na yi kwana ashirin ina ɗauke da abin nan, ina kallon matar Yaya tana zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ba na iya cin abinci. Na tsani hannuwana.

Shekaranjiya bayan azahar na shiga ɗakin Inna, tana zaune a kan buzu cikin takabarta, carbi a hannu. Na durƙusa na ce, "Inna, ba hayaƙi ba ne. Tsoho bai yi kuskure ba, Yaya ma bai yi ba. Ni na toshe kafar da turmi."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ta taga nig gan ki kina gangara shi. Har nic ce Allah shi yi miki albarka, don jariran ga." Ta ajiye carbin. "Shekara nawa ina kallon mutumen ga yana sharar rairayi. Kuma ni nis sa ma yaron albarka nic ce shi tahi. Ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba."

Muka riƙe juna muka yi kukan da ba mu yi ba ranar rasuwa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, wanda ya shayar da masu rai da ba su iya roƙo, ya kuma yi wa mutane gargaɗi suna yi masa dariya. Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa, Ka yafe masa zafin bakinsa. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya haɗa da jikansa da ke hannun mutanen daji.

Geron rumbu ya kusa ƙarewa. Jiya Gwaggo ta ce a sussuke dawar nan ko yara su sami tuwo. Matar Yaya ta tsaya a bakin zaure ta ce ba mai taɓa ta. Shi ya ɗaure damin da hannunsa, shi zai zo ya kwance.